Lambar da Ta Ɓata a Lambun Tamu

Gwangwanin yana nan, murfinsa yana nan, har tsumman da aka naɗe abin a ciki yana yashe a ƙasa. Lambar ce kawai babu.

Kalilu, dogarin hakimin Jega, ya tsaya a bakin bukkar yana duban gwangwanin, gumi na bin wuyan jar rigarsa. Tun hantsi ya baro Jega a ƙasa, don dokin da ya kamata a ba shi wai yana ciwon kofato. Ya iso Aliero rana ta take tsaka, ƙafa ta yi futu-futu, duk a kan wani ɗan ƙarfe da bai cika tafin hannun jariri ba.

Amma ɗan ƙarfen nan shi ke tsakanin mutum da igiya. Faransawan da ke mulkin ƙasar Doso sun kai kuka wurin Turawan Ingila cewa sojojinsu suna gudowa su ɓuya a wannan gefen iyaka. Sai Joji, Baturen da ke zagaya gundumomi, ya aiko cewa jibi zai sauka Jega, a kawo masa duk wanda ya taɓa sa kayan sojan Faransa. Mai shaidar sallama ya koma gidansa. Marar shaida a ɗaura masa igiya a miƙa shi Doso. A duk ƙasar mutum ɗaya abin ya shafa, Tamu na Aliero, wanda fatauci ya kai shi Doso yana saurayi, aka kama shi aka sa a soja, aka ƙetare teku da shi zuwa Yaƙin Jamus. Ya dawo da ɗingishi, da takarda, da lambar yabo. Takardar gara ta cinye ta tun damina ta farko. Lambar ta rage, kuma kowa ya san ba a ba wanda ya gudu lamba.

Tamu na tsaye a gefe, dogo, ramamme, ya dogara da sanda.

"Yaushe rabonka da ganinta?" in ji Kalilu.

"Jiya da la'asar. Na ɗauko ta na goge da toka saboda zuwan Joji, na maida ta cikin jinka. Yau na taso masallaci da asuba, na iske haka."

"Wa yas san inda kaka aje ta?"

Tamu ya dubi ƙasa, ya dubi can bakin lambu. "Mu koma ƙohwa, Dogari, in soma maka daga hwarko. Ran da sajenmu yat tara mu, mu da munka warke a asibiti, yac ce yau za ku ga gidan sarakunan Faransa..."

"Ba sarakuna nit tambaye ka ba. Wa yas san wurin?"

"Shi nika son hwaɗa maka. Ƙohwar gidan, ƙarhe ta, amma an shahe ta da zinariya..."

Kalilu ya ja dogon tsaki ya juya masa baya.

Duk wanda ya san Aliero ya san wannan labari, ko in ce ya san farkonsa. Tamu ya taɓa yini guda yana yawo a ƙasa cikin wani gidan sarauta da lambunsa, a wani gari da yake kira Barsai, kuma tun da ya dawo bai huta ba, bai bar kowa ya huta ba. Yana cewa "ƙofar gidan", sai mahauci ya tuna bai wasa wuƙa ba, mai awo ya tuna ya bar akuya a sake. Liman ma, da haƙurinsa, an ce da labarin ya kai matakalar bene ya miƙe ya ce lokacin salla ya yi, alhali da saura.

Bai tsaya a baki ba, sai da ya dasa labarin a ƙasa. Gonar fadama ce ya gada, mai kyau, irin wadda manomin Aliero zai cika da albasa har bakin darni. Tamu ya keta ta da wata faffaɗar hanya daga ƙofa zuwa rijiya, ya jera fangali biyu-biyu, na dama daidai da na hagu. Ya shuka lalle a jere ya aske kansa ya yi bai ɗaya kamar aikin wanzami. Ya haƙa wani dogon rami a tsakiya yana cika shi da ruwa, ruwan da ba ya shayar da komai. Kullum da yamma kuma sai ya share yashin hanyoyin har sawun kaza ba ya bari.

Wannan sharar ita ta yi wa Kalilu rana. Ya bi hanyoyin a duƙe. Ga sawun Tamu, ƙafa ɗaya tana ja. Ga kuma wani sawu na takalmin fata. Ya shigo ta ƙofa, ya bi babbar hanya, ya zagaye rijiya ta dama, ya bi gefen dogon ramin, ya kewaya bayan lalle, ya kama wata 'yar siririyar hanya mai lanƙwasa har bukkar da ke ƙarshen lambu. Ya koma ta inda ya zo. Ko ganyen albasa ɗaya bai taka ba, bai kuma tona ko'ina ba. Kalilu ya waiwaya ya dubi nasa sawun. Shi ta kan darni ya tsallako, ya keta fangali kai tsaye, kamar yadda duk mai hankali zai yi.

"Ɓarawo mai ladabi," ya ce a ransa, abin kuma bai yi masa daɗi ba.

Ya fara da gida. Gudiya, matar Tamu, ta tsaya a bayan zana da taɓarya a hannu.

"An ce kin daɗe kina neman lambar ga," in ji Kalilu.

"Awo, na neme ta. Na so in kai wa maƙeri shi yi mini zobe, ta yi amfani sau ɗaya a rayuwatta. Na birkice ɗaki, na tone ƙarƙashin gado, har rumbu na shiga. Ban gan ta ba."

"Bukkar ƙarshen lambu hwa?"

"Rumhwar gadi? Mi ka cikinta in ba sauro ba?"

"Kin taɓa jin labarin nai har ƙarshe?"

Ta yi wata dariya marar daɗi. "Ni ka kwana da labarin, Dogari. In yak kai wani ɗaki da anka ce dut bangonai madubi na, nan barci ka ɗauka ta. Ɗaki guda madubi, ni ko na duba kwalli ban da shi." Sai muryarta ta karye. "In sunka tahi da shi Doso ba shi dawowa. Ƙahwar ga ba ta kai shi. Ni zan yi mai haka?"

Kalilu ya yarda da ita, kuma yardar ta ƙara ɓata masa rai, don hanya ɗaya ta toshe ke nan.

Saura Magaji, maƙwabcin Tamu a fadama. A kansa Kalilu ya ɗora zato tun daga Jega, don Magaji ya faɗa a bainar jama'a cewa ranar da aka tafi da Tamu, zai roƙi Maigari ya ba shi gonar. Ya same shi yana jan jigo, ruwa na kwarara cikin albasarsa.

"Na hwaɗa, kuma ina sake hwaɗi," in ji Magaji, bai ko saki igiyar jigon ba. "Ƙasar ga amana ta. Mutum ya mai da rabinta hanya, wa ka bin hanyar? Aljannu?"

"Nuna mini ƙahwarka."

Magaji ya ɗaga ƙafa. Faffaɗa ce kamar faifai, duk faso. "Rabona da takalmi tun babbar salla, shi ma aro na. Kuma ni in zan shiga lambun ga, bisa darni nika ƙetarawa. Ba ni bin hanyar mahaukaci."

"Mi ka cikin bukkar can?"

"Inda shika hwakewa rana mana."

"Labarin nai, ina kat tsaya?"

Nan Magaji ya saki jigon. "Wajen ruwa. Wai ruwa na tashi sama daga bakin dawakin ƙarhe, shi hwaɗo, shi sake tashi, ba mai sha, ba shuka kusa. Ni da nika jan guga tun asuba hab bayana ya sage za a ba wannan labari? Nan nit tashi, ban sake zama ba."

La'asar ta yi, Kalilu ba shi da komai sai ƙishirwa. Ya zauna a gindin darni yana cizon yatsa. Matar ta so lambar amma ba ta san wurin ba. Maƙwabcin ya so gonar amma shi ma bai san wurin ba, kuma da shi ne, da ya bar ɓarna a fangali ko don haushi. Ɓarawon bai yi nema ba, sani ya yi. Ya kuma bi lambun kamar wanda aka taɓa riƙe wa hannu aka zagaya da shi. Shi kuwa Tamu, duk lokacin da aka ce wa ya san wurin, sai ya ce a koma ƙofa. Sai a lokacin Kalilu ya yi tunanin ko mutumin nan tun safe amsa yake ƙoƙarin bayarwa, shi ne bai bari ba.

Ya miƙe kamar wanda za a cire wa haƙori. "Soja, mu tahi ƙohwa."

Fuskar Tamu ta washe har Kalilu ya ji kunya. Suka tsaya a ƙofar kara, Tamu ya ɗaga sanda ya nuna sama, inda babu komai sai shirwa.

"Nan munka tsaya. Ƙohwa ta zinariya, bayanta hili shimhiɗe da duwatsu, ya hi kasuwar Jega hwaɗi."

"Nan kunka tuɓe takalma," in ji Kalilu, don a yi sauri.

"Ba a tuɓewa."

"Gidan sarki? To sarkin ina shika zama?"

"Babu sarki, Dogari. Sun kashe shi tun zamanin kakanni. Gidan wohi na. Kullum ana sharewa, ana gogewa, ba mai kwana ciki."

Kalilu ya girgiza kai. Shi da ya tashi a ƙofar fada, wannan bai shiga kansa ba.

Suka kama babbar hanya, Tamu na ɗingishi a gaba. Ɗaki yana buɗewa cikin ɗaki, in ji shi, babu zaure, babu tsakar gida. A rufin an zana mutane tsirara suna zaune kan gajimare, har ya sunkuyar da kai. Gadon sarki an yi masa shinge kamar turken doki. A ɗakin madubi ya ga baƙaƙen sojoji jere suna ɗingishi iri ɗaya, sai da ya ga sandar ya gane duk shi ne. Kalilu ya yi hamma, ya haɗiye ta biyu. Rana na sauka, jibi na matsowa, shi kuma ga shi yana yawo a cikin albasa ana nuna masa fitilun da babu su.

A rijiya suka fita bayan gidan. Nan lambun ya buɗe, iyakar ganin ido, kowace hanya miƙe kamar zaren saƙa. Itatuwa an aske su. Lemo a cikin akwatunan katako, in sanyi ya zo a ɗauke su a kai ɗaki kamar jarirai. Suka bi gefen dogon ramin. Ruwan can, in ji Tamu, har jiragen ruwa ake sawa, kuma a bakinsa 'yan'uwansa sojoji suka gaji suka zauna suna shan taba.

"Ni ban zauna ba. Na ce tunda Allah ya kawo ni, sai na ga inda abin ga yaƙ ƙare."

Suka kewaya bayan lalle. Muryar Tamu ta yi ƙasa. Ya ce ya shiga cikin itatuwa shi kaɗai, hanya ta daina miƙewa, ta fara lanƙwasa kamar burtali. An yi yayyafi. Sai hancinsa ya kama wani wari da ya sani, warin jiƙaƙƙiyar ciyawar jinka. Ya fito fili, sai ga ɗan ƙauye, ɗakuna ƙanana masu rufin ciyawa, ga kududdufi, ga garke. Wani tsohon mai gadi ya gaya masa, rabi da baki rabi da hannu, cewa matar sarki ce ta sa aka gina. In ta gaji da zinariya sai ta sa tufafin talakawa ta zo nan ta zauna ta ga ana tatsa.

Sun iso bukkar. Tamu ya zauna a bakinta, Kalilu ya tsuguna.

"Sai wata saniya tai kuka can nesa. Dogari, an harbe ni ban yi kuka ba. Ran nan na zauna ƙasa na yi kuka kamar yaro. Matar da tam mallaki dut wancan, abin da zuciyatta ka so shi na abin da nib baro Aliero. Shi yas sa niy yi bukkar ga. Dut abin da nik kawo daga can, nan shika kwana, cikin jinka."

Aka kira magariba a gari. Abin ya taɓa Kalilu, shi kuma ba ya son abu ya taɓa shi yana kan aiki.

"Mutum nawa ka taɓa kawowa har nan?"

"Kai na na biyu."

"Na hwarkon hwa?"

"Ba ɓarawo ba na."

"Sunanai."

"Ya zauna nan inda kaz zauna. Ya yi mini tambayoyi. Ya sa na maimaita sunan garin har ya iya. Shekara da shekaru ina magana, shi kaɗai yab bari nik kai ƙarshe. In nib ba ka sunanai, na kira shi ɓarawo ke nan."

"Jibi igiya za a sa maka!"

"Na sani."

Kalilu ya roƙa, ya yi faɗa, ya rantse, ya ambaci Gudiya. Tamu ya kafe kamar jakin da ya ga gada. Kalilu ya tashi yana huci, ji yake kamar ya yaga rawaninsa. Ga amsa a cikin bakin mutum, mutumin kuma ya fi son a ja shi Doso da ya furta ta.

Gudiya ce ta kawo masa tuwo a zauren Maigari, ya tambaye ta ko akwai ranar da mijinta ya dawo lambu da fara'a. Ta ce akwai, bayan kasuwar da ta wuce. Ya aiko a kai masa tuwon mutum biyu, ya dawo gida yana waƙar sojoji. Ba ta ga baƙon ba. Kalilu ya wanke hannu ya nufi gidan Magaji, don ya san manomi ba ya manta ranar da aka yi masa ɓarna. Ai kuwa bai manta ba. A ranar an ɗaure jakuna a jikin darninsa tun azahar har faɗuwar rana, suka miƙa wuya suka cinye masa gefen fangali. Jakunan fataken albasa ne, masu sauka a zangon Maiyama kafin su ƙetara ƙasar Faransi. Magaji dai bai ga fuskar mai su ba.

Da asuba Kalilu ya kama hanya. A Jega, unguwar Firchin, ya tsaya gidan ƙanwarsa ya tuɓe jar riga da rawani, ya sa wata tsohuwar taguwar mijinta. Ya isa Maiyama bayan la'asar, ƙafafunsa sun yi bororo.

Zangon ya cika. Jakuna ko'ina, buhunan albasa ko'ina, kowane falke da takalmin fata a ƙafarsa. Ayarin zai tashi da asuba. Ba zai iya kwance kayan kowa ba, kuma da ya ce lamba, za ta faɗa rijiya kafin ya rufe baki. Ya sayi goro, ya sami inda fatake suka taru a gindin tsamiya, Hausawa da Zabarmawa, ya raba, ya zauna. Da hira ta yi daɗi sai ya shiga ƙarya.

"Ku da kuka zuwa ƙasar Faransi, ni har birninsu na je. Soja niy yi. Gidan sarkinsu ma na shiga. Mun tuɓe takalma tun daga ƙohwa, munka hwaɗi gabanai munka yi gaisuwa. Ya ba mu goro da hannunai."

Aka gyaɗa kai. Ba wanda ya ga aibu, don gidan sarki ai haka yake a ko'ina. Sai wani tsohon Bazabarme ya yi dariya.

"Ashe ku biyu ne. Ga Sahabi nan, shi ma sojan Faransa ne. Shi zai wuce da mu gaban gardi, masu tsaron iyaka, ba a taɓa kayanmu. Sahabi, ga ɗan'uwanka."

Duk aka juya. Sahabi mutum ne mai tsabta, mai sanyin murya, yana zaune yana ɗinkin akumari. Kalilu ya ga allurar ta tsaya. Mutumin ya sha jinin jikinsa, amma abokan tafiyarsa sun zuba masa ido, kuma jiya ma ya ba su nasa labarin.

"Wane sarki kag gani?" in ji Sahabi a hankali. "Babu sarki gidan nan. Kuma ba a tuɓe takalma."

"Kai dai halama ƙohwa kat tsaya," in ji Kalilu. "Ni har bayan gida na kai. Bargar dawaki ta, da gidan yari."

"Lambu na."

"To in ka je, mi ka ƙarshen lambun?"

Sahabi ya ajiye akumarin. Ya fara daga dogon ruwa, ya shiga cikin itatuwa, hanya ta lanƙwasa, aka yi yayyafi. Ya iya, Allah ya sani ya iya, ya ma fi mai labarin iya tsayawa inda ya kamata. Zango ya yi tsit. Da ya kai kukan saniya, sai ya sa gefen riga ya share ido. Wani baƙin ciki ya kama Kalilu.

"Baki dai," ya ce. "Kowa na da baki."

"Nuna masa lambar," in ji Bazabarmen.

Sahabi ya dubi abokan tafiyarsa. Sannan ya sa hannu cikin wuyan riga, ya zaro ta daga tsakanin layunsa. Kalilu ya damƙe wuyan hannun. Ya juya lambar a hasken yamma. A cikin zanen da ke jikinta har yanzu da sauran toka.

"A kira mini sarkin zango," ya ce da muryar aikinsa, wadda taguwa ba ta iya ɓoyewa.

Sarkin zango ya zo. Kalilu ya tambaye shi inda Sahabi yake a shekarun Yaƙin Jamus. Ya ce yana nan yana bin kasuwanni, a wannan zangon ma yake sauka, ko Doso bai cika kaiwa ba.

Washegari da hantsi suka shiga Jega, Sahabi a gaba da igiya a ƙugu. A gaban hakimi Kalilu ya faɗi yadda aka yi, a taƙaice, don ƙafafunsa ba sa son tsayuwa.

"Ranka shi daɗe, ɓarawon bai yi nema ba, kuma ya bi hanyoyin lambun ɗaya bayan ɗaya, abin da ba mutumen Aliero da ka yi. Ke nan an taɓa zagayawa da shi. Tamu bai hwaɗin inda lambar take sai a ƙarshen labarinai, kuma dut garin ba wanda yat taɓa kai ƙarshe. Wanda yas san ƙarshen, shi yaɗ ɗauka. Sai niy yi ƙarya a gaban hwatake, na sa sarki a gidan da ba sarki, na jira wanda za shi gyara mini."

Sahabi bai yi musu ba. Ya ce gardin iyaka suna ƙwace kaya, suna kama fatake su kai aikin hanya, amma tsohon soja sara masa suke yi ya wuce. Sai dai suna tambaya, ina ka je, me ka gani. Lamba ba labari ba ta da amfani, shi ya sa ya zauna ya koya. Hakimi ya ce a kai shi wurin alƙali.

Joji bai ɓata lokaci ba. Ya karɓi lambar, ya juya ta, ya dubi ƙafar Tamu, ya miƙa masa abinsa, ya yi nuni da hannu a wuce. Gudiya, da ta biyo su tun daga Aliero, ta zauna a ƙasa tana hamdala.

A waje Tamu ya tsaya kusa da Kalilu. Bai dubi inda ake jan Sahabi ba.

"Ya hwaɗe shi daidai?"

"Daidai."

"Har kukan?"

Kalilu ya so ya yi ƙarya, amma ta jiya ta ishe shi. "Har kukan."

Ranar kasuwa ce, kuma zance ya riga ya zagaya cewa akwai wani labari da har sata aka yi saboda shi. Mutane suka kewaye Tamu, mahauta, masu awo, har Magaji da ya kawo albasa ya kutso gaba.

"Soja, ba mu labarin gidan nan. Yau muna ji har ƙarshe."

Tamu ya dube su ɗaya bayan ɗaya, kamar yana neman abin da kowannensu ya zo ɗauka. Ya ɗaga sandarsa kaɗan, ya mai da ita ƙasa.

"Gida na babba," ya ce. "Ba kowa ciki."

Ya sa lambar a aljihu, ya ratsa su ya kama hanyar Aliero, Gudiya na biye. Kalilu ya kira shi, ya ce masa akwai wurin da bai gane ba, wajen akwatunan lemo, ko zai sake faɗa masa. Tamu ya ɗaga hannu bai waiwayo ba.

Hakimi ya aiko wa Kalilu da goro da yabo. Ya karɓa, ya zauna a bakin zaure yana fasa bororon ƙafarsa da ƙaya, ransa a ɓace, bai kuma sami wanda zai yi wa faɗa ba.